An Ba Kura Ajiyar Nama

Gaisuwa ta musamman yau ga matan Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, da kuma na Kebbe da Kuchi da Margai da Girkau, domin zancenmu na yau zai yi tafiya mai nisa, amma a ƙofar gidanku zai sauka. Mai tuƙin tuwo ta rage wuta, mai saƙa ta ci gaba da saƙarta, kunne kawai muke roƙo. Idan akwai ƙananan yara kusa da rediyo, a ɗan aike su waje, maganar ta manya ce.

Daga littafi maganar za ta taso. Na san wata za ta ce, mu da ke fama da tsadar gero da kuɗin magani, ina ruwanmu da littafin Turawa? To ki yi haƙuri 'yar uwa, ki bari mu kai ƙarshe. Littattafan da zan ba ku labari an rubuta su ne a wata ƙasa da ake kira Suwidin, can ƙuryar arewacin Turai, inda sanyi ke daskarar da ruwan tafki har mutum ya yi tafiya a kansa. Mutanenta ba su kai miliyan 11 ba, babban birninta kuwa Istokholm. Ƙasa ce da ake buga misali da ita wajen zaman lafiya da kula da haƙƙin mata, domin kusan rabin 'yan majalisar dokokinta mata ne. Amma abin mamaki, daga cikin littattafan da suka fi fitar da sunanta a duniya akwai labaran kisan kai da cin zarafin mata. Ƙagaggun labarai ne, irin waɗanda ake buɗewa da an tsinci gawa, sai wani ɗan sanda ko ɗan jarida ya shiga bin sawu har ya gano wanda ya yi aika-aikar.

Waɗanda suka share wannan hanya su ne wata mata mai suna Maj Sjöwall da abokin zamanta Per Wahlöö. Tsakanin 1965 da 1975 sun rubuta littattafai 10 tare. Na farkonsu, mai suna Roseanna, ya fara ne da gawar wata budurwa da aka tsamo daga ruwa, babu wanda ya san ko sunanta. Niyyarsu ita ce su fake da labarin ɗan sanda su nuna wa 'yan ƙasarsu dattin da ke ƙarƙashin kyakkyawar tabarmar da aka shimfiɗa. Bayansu an yi wasu da yawa, kamar Henning Mankell, wanda ya yi shekaru yana zama a Maputo ta ƙasar Mozambik. Amma wanda zan fi tsayawa a kansa shi ne Stieg Larsson.

Shi Larsson ɗan jarida ne, aikinsa tona asirin ƙungiyoyin masu ƙyamar baƙi da baƙar fata, har suka riƙa yi masa barazanar kisa. Ya kai wa maɗaba'a littattafai uku, amma bai ga fitowar ko ɗaya ba, domin ciwon zuciya ya yi ajalinsa a watan Nuwamba 2004 yana da shekara 50. Na farko ya fito a 2005, na biyu a 2006, na uku a 2007, kuma zuwa 2015 an sayar da fiye da kwafi miliyan 80 a duniya. Ku lura da wani abu a nan. Sunan da shi ya raɗa wa littafin farko da harshensu, ma'anarsa Mazan da Ke Ƙin Mata. Da aka zo fitar da shi da Ingilishi a 2008, sai aka sauya masa suna, ya koma Yarinya Mai Zanen Dodo a Jiki. Kun ga an ɗauke ido daga kan mai laifi an mayar kan jikin yarinya. Mu ma a nan haka muke yi. In abu ya faru, kafin a tambayi wa ya yi, an riga an tambayi wane kaya ta sa, me ya kai ta can, wa ya aike ta da magariba.

Tauraruwar labarin sunanta Lisbeth Salander. Ubanta ɗan leƙen asirin tsohuwar Tarayyar Sobiyat ne da ya gudo Suwidin, sai wani ɓangare na jami'an tsaron farin kaya suka ɓoye shi, don suna amfana da asiran da ya zo da su. Mutumin nan ya mai da dukan uwar Lisbeth kamar sana'a. Duk ranar da ya yi, sai jami'an nan su bi baya su share sawu, don kada sunansa ya fito. Yarinya ta nemi mai saurarenta ba ta samu ba. Ranar da ya doki uwar har ƙwaƙwalwarta ta taɓu, Lisbeth tana 'yar shekara 12, sai ta watsa masa fetur ta ƙyasta ashana. Bai mutu ba. Maimakon a tambayi abin da ya kai ƙaramar yarinya ga wannan, sai aka samu wani babban likitan masu taɓin hankali ya rubuta takarda cewa ba ta da hankali, aka kulle ta a asibiti. Da ta girma kuma kotu ta ce ba ta isa ta riƙe kanta ba, sai an naɗa mata waliyyi mai kula da kuɗinta da lamurranta.

Waliyyin farko mutumin kirki ne. Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, sai aka miƙa ta ga wani lauya mai suna Bjurman, mai ofis da mutunci a idon jama'a. Shi ya riƙe mata asusun banki, ko kwamfuta za ta saya da kuɗin guminta sai ta je ta roƙe shi. Da ya tabbata ba ta da kowa, ya kuma san ko ta yi magana takardar likita ta riga ta ƙaryata ta, sai ya yi mata fyaɗe. An ba kura ajiyar nama ke nan. Abin da bai sani ba, ta ɓoye ƙaramar kyamara a jakarta, ta ɗauki komai. A littafi na uku, ranar da aka gurfanar da ita gaban kotu ana neman a sake kulle ta, likitan nan ya tsaya ya ce duk abin da ta faɗa ƙirƙirar mai taɓin hankali ce. Sai lauyarta, wadda ita ma mace ce, ta sa aka kunna faifan a gaban alƙali. Nan take ƙaryar shekara da shekaru ta rushe, aka sallame ta, aka kuma soke waliccin da aka ɗora mata.

To 'yan uwa, me ya sa na kawo muku wannan labari? Saboda marubucin ya faɗi abin da mu ma muka sani, sai dai ba mu cika faɗarsa ba. Mun saba tsorata 'ya'yanmu da baƙo, da mutumin da ke laɓe cikin gonar dawa. Shi ma akwai shi, kuma matan ƙauyukan Kebbe da ke kusa da iyakar Zamfara sun san abin da 'yan bindiga ke yi wa mata fiye da yadda baki zai iya faɗa. Amma sau da yawa wanda ke cutar da mace wanda ta sani ne, wanda kuma ke da iko a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa shan duka ko tilas a rayuwarta, kuma mafi yawa daga hannun miji ko wanda take tare da shi. A littafin farko na Larsson ma, yarinyar da ake cigiya 'yar gidan attajirai ce masu masana'antu. Ta ɓace a 1966, aka yi kusan shekara 40 ana zaton an kashe ta, ashe gudu ta yi daga abin da ubanta da yayanta ke yi mata a cikin gida.

Mu dubo namu. Ga yarinyar da aka kai riƙo gidan kawu a Sakkwato ko Jega don uwarta ta rasu. Ga 'yar aikin da aka ɗauko daga ƙauye, kuɗin aikinta ma ba ita ake ba ba, wata dillaliya ke karɓa. Ga 'yar tallan fura ko dafaffiyar gyaɗa da ke shiga shago-shago da tashar mota, wadda aka ja wa kunne kada ta dawo da kwantai. Ga ɗalibar da makinta ke hannun malami, ga bazawarar da ke neman a sa sunanta cikin masu karɓar tallafi, ga matar da mai gidanta ke kulle rumbu ya tafi da mabuɗi. Kowace daga cikinsu akwai wani da ke riƙe da abincinta ko kuɗinta ko takardarta, kamar dai yadda lauyan nan ya riƙe asusun Lisbeth. Irin wannan mutum, abin da yake taƙama da shi shi ne ya san in maganarsa da tata suka haɗu a zauren mai unguwa, tasa za a ɗauka. Ya kuma san mu iyaye mata, da bakinmu za mu ce mata ta yi shiru, kada ta tona wa gida asiri, kada ta rasa mijin aure. Wani har karin magana yake kawowa, wai in ɓera na da sata daddawa ma na da wari. Haba jama'a, yarinya 'yar shekara tara, wane wari?

Kada wata ta ce zancen Turawa aka kwaso mana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin littafinsa Kitabul Farƙi, da yake lissafa munanan halayen masu mulkin zamaninsa, ya sa ɗaukar mata ba tare da aure ba, da karɓar toshiyar baki wajen shari'a. Wato fiye da shekara 200 da suka wuce, a wannan ƙasa tamu, an riga an rubuta cewa in iko ya lalace a kan mata yake fara sauka. Ɗiyarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa naɗa mata masu ilmi a matsayin jaji, suna kai karatu ƙauye-ƙauye, domin macen da ta san haƙƙinta ba a saurin taka ta.

A zamaninmu kuma muna da namu marubutan. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, tun tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta nemi ilmi da kanta ta zama marubuciya. A littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990, an cire Abu daga makaranta aka ba wani dattijo, Sarkin Noma, sa'ar ubanta, ya gwada mata ƙarfi, ta gudu, ta yi karatu har ta tsaya da ƙafarta. A Alhaki Kuykuyo Ne, shi ma na 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya, Rabi ta koma dafa abincin sayarwa tana ciyar da su. An fassara wannan littafi zuwa Ingilishi a 2012, aka buga shi a Indiya. Babu ɗan sanda mai bin sawu a littattafan Balaraba, amma laifin iri ɗaya ne da na Suwidin, mai laifin ma iri ɗaya, wato wanda aka ba amana. A 2007 an tara littattafan Hausa an ƙone a bainar jama'a a Kano da sunan gyaran tarbiyya. Gaskiya ne akwai marasa kan gado a cikin littattafan kasuwa, amma akwai kuma waɗanda suka faɗi abin da mata da yawa ba su da bakin faɗa, kuma ƙona takarda bai taɓa mayar da Rabi ɗakinta ba.

Yanzu bari mu bar ƙagaggen labari mu zo ga abin da ya faru da gaske, a nan jiharmu. A watan Oktoba 2001 Babbar Kotun Shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa wata bazawara, Safiya Husaini ta Tungar Tudu, hukuncin jifa, saboda ta samu ciki ba ta da aure. Namijin da ta ambata ya musanta, ba a samu shaidu a kansa ba, aka sallame shi ya tafi gida. Ita kuwa cikinta ya zama shaida a kanta, ga shi ba ta da lauya. Da lauyoyi da ƙungiyoyin mata suka shiga maganar aka ɗaukaka ƙara, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta soke hukuncin ranar 25 ga Maris 2002. Daga cikin dalilanta, abin da ake tuhumarta da shi ya faru ne kafin dokar ta fara aiki, kuma ba a bi ƙa'idojin da shari'a ta gindaya ba. Ku duba da kyau. Shari'ar da aka kama ta da ita, ita ce dai ta kuɓutar da ita, da aka samu waɗanda suka san ta suka tsaya mata. Da ta yi shiru ta ce haka Allah ya so, da labarin ya zama wani.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda dole in ja kunne a kansa. A cikin littafi Lisbeth ta rama da hannunta, ta ɗaure lauyan nan ta zane masa laifinsa a ciki da allura, mai karatu ya ji sanyi a ransa. Wannan littafi ne. A watan Afrilu 2014, a wani ƙauye na jihar Kano, wata amarya 'yar shekara 14 ta zuba shinkafar ɓera a abinci kwanaki kaɗan bayan an kai ta ɗaki. Angon da wasu mutum uku suka mutu. Ta yi fiye da shekara a tsare kafin gwamnati ta janye ƙarar a 2015. Rai huɗu sun salwanta, yarinya ta ɗauki nauyin da za ta mutu da shi, gidaje da dama sun shiga makoki. Wa ya ci riba? Yarinyar da aka toshe wa duk ƙofofi takan fasa bango, kuma bangon a kan kowa yake faɗawa. Ko a littafin, fetur da allura ba su 'yantar da Lisbeth ba. Abin da ya fitar da ita shi ne shaida, da lauya, da ɗan jaridan da ya ƙi yin shiru, da tsohon waliyyinta da ya yarda da maganarta.

To yau ina muka kwana wajen doka? A watan Mayu 2015 shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP a taƙaice. Majalisar Wakilai ta amince da ita ne lokacin da Aminu Waziri Tambuwal, wakilin mazaɓar Kebbe da Tambuwal, yake kakakinta. Dokar ta tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa rai da rai ga mai fyaɗe. Ta sa dukan abokin zaman aure cikin laifuka, haka korar mace daga gida da ƙarfi, da yasar da iyali ba ci ba sha, da cutar da matar da mijinta ya rasu da sunan al'ada. Wato abin da Alhaji Abdu ya yi wa Rabi ya samu suna a littafin doka. Ta kuma ba kotu ikon ba da umurnin kariya, takardar da ke hana mai cutar da ke kusantarki. Sai dai a Abuja kawai take aiki har sai jiha ta yi tata. A watan Nuwamba 2021, shi dai Aminu Waziri, yana gwamna, ya sa hannu a ta jihar Sakkwato tare da dokar kare yara. Saboda haka matan Tambuwal da Kebbe, wannan doka da ƙuri'unku aka yi ta, kuna da baki ku nemi a yi aiki da ita.

Amma doka a takarda kamar magani ce a kwalba, sai an sha take aiki. Suwidin ta yi wata doka mai ƙarfi tun 1998, wadda ta ba kotu damar tattara mari da duka da barazanar da namiji ya yi ta maimaitawa a kan matarsa ta ɗauke su babban laifi guda. Duk da haka bayan wannan doka ne Larsson ya rubuta littattafansa, domin ya ga masu iko sun san hanyar zagaye ta. Sai a 2018 suka sake wata, wadda ta ce kusantar mutum ba da yardarsa ba fyaɗe ne, ko ba a nuna masa makami ba. Idan ƙasa mai arziki irin wannan ba ta gama ba, mu da muka fara a 2021 sai mu ɗaura ɗamara.

Ga abin da nake roƙon kowace uwa ta riƙe. Na farko, in ɗiyarki ko 'yar riƙonki ta zo miki da magana, ki saurare ta har ƙarshe, kada ki fara da mari. Yara ba su cika faɗa kai tsaye ba. Wata za ta ƙi zuwa aiken da ta saba zuwa, wata ta koma fitsarin kwance, wata ki ga kuɗi ko sabon abu a hannunta da ba ke kika ba ta ba. Kukan kurciya jawabi ne.

Na biyu, in abin ya riga ya faru, asibiti kafin komai, kuma kada a wuce awa 72, wato kwana uku. Cikin wannan lokaci ne maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau yake aiki, ana shansa kwana 28. Maganin da ke hana shigar ciki kuwa bai wuce kwana biyar. Mun saba da zarar abu ya faru sai a dafa ruwan zafi da bagaruwa a gasa yarinya. Ki daure 'yar uwa, kada a yi mata wanka sai likita ya gani, domin wankan na tafiya da shaida. Kayan da ke jikinta kada a wanke, a naɗe su a takarda ko tsumma mai tsabta, kada a ƙulle a leda, gumi na lalata su. Ko an riga an yi wankan, a je dai. A fara da asibiti mafi kusa, babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, a gaya wa likita gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a kuma roƙi ya rubuta abin da ya gani. Wannan rubutu shi ne kyamarar talaka. A Sakkwato kuma, cikin Asibitin Ƙwararru, an buɗe Cibiyar Nana Khadija a 2020 musamman domin duba waɗanda aka yi wa irin wannan ta'asa, a ba su magani da shawara kyauta.

Na uku, a kai rahoto wurin 'yan sanda, kuma kada uwa ta tafi ita kaɗai. Ta tafi da wani babba mai iya karatu, a rubuta rana da sunan jami'in da ya karɓi ƙara. Wadda ba ta da kuɗin lauya ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ko ma'aikatar harkokin mata ta jiha. Saƙon waya na barazana ko na rarrashi kada a goge shi. Kuma tun yau, kafin wani abu ya faru, ki nema wa kowane ɗanki takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya, domin a kotu abu na farko da mai laifi ke faɗa shi ne yarinyar ai babba ce.

Na huɗu, maganar sulhu. Da dare za ki ga an turo dattawa da goro da 'yan kuɗi, a ce a rufa asiri, ai duk gida ɗaya ne. Sulhu alheri ne a rikicin iyakar gona, ko saɓanin kishiyoyi. Amma in an lalata ƙaramar yarinya aka karɓi kuɗi, kura ke shan bugu gardi na karɓe kuɗi. Yarinyar ba ta ga ko kwabo, ita ce kuma za ta kwana da ciwon. Shi kuwa ya gane farashin abin, gobe sai ɗiyar maƙwabciyarki. Mafi muni shi ne a ce a aura masa ita don a rufe magana. Wannan an sake ba kura ajiyar naman ne, wannan karo har da shaidu da sadaki.

Iyayenmu maza da ke saurare daga zaure, mun san kuna ji, kuma ba da ku duka muke ba. A cikin littattafan nan ma akwai maza na kirki da suka tsaya, kuma babu abin da ke karya lagon mugu kamar ya ga uban yarinya ya riƙo hannunta sun shigo ofishin 'yan sanda tare. Masu unguwanni da limamai, maganarku ɗaya na iya buɗe ƙofa ko ta rufe ta, ku tuna amana ce a wuyanku. Mu kuma mata, a wurin biki da suna da makarantar Islamiyya, mu daina nuna yarinyar da abin ya faɗa wa da baki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar da za a je kotu, a samu mata biyar ko goma su raka uwar, ko ba su ce komai ba, zamansu kaɗai magana ce.

Ku kuma 'yan matanmu na makaranta, irin na Kwalejin 'Yan Mata ta Tarayya da ke Tambuwal, masu cika littafin rubutu da labaran soyayya, ku ci gaba da rubutu, amma ku dubi abin da ke faruwa a unguwanninku ku rubuta shi ma. In kun zo raɗa wa labarin suna, ku sa shi a kan wanda ya yi laifin.

A nan za mu dasa aya. Wadda ta ji, ta gaya wa wadda ba ta ji ba. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba mu ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.